Waɗanda aka taɓa nema su shiga gwajin magani, yaya aka yi muku bayani?

Yayar Mai Sikila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata tana fama da sikila. A asibitin da take zuwa an ce mata ana gwajin wani sabon magani, an ba ta takarda mai shafi da yawa ta sa hannu idan ta yarda. Ta kawo mini, mun karanta, mun ƙara shiga duhu. Don Allah duk wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya ba mu labari.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ni a kan ɗana aka neme ni. Ma'aikaciyar jinyar ta ja kujera ta zauna, ta ajiye takardar gefe. Ta ce kwamfuta ce za ta raba yaran gida biyu kamar ƙuri'a, wasu su sami sabon maganin, wasu wanda aka saba bayarwa, ita kanta ba za ta san inda ɗana ya faɗa ba. Da ta gama sai ta ce, "To Mama, maimaita mini abin da kika fahimta." Na ce za a ba shi magani mafi kyau. Ta girgiza kai ta ce da an san ya fi kyau, ai da ba a yi gwajin ba. Wannan maganar ce ta sa na amince da su. Na tafi da takardar gida, muka yi shawara da maigida kafin na sa hannu.

Ɗan Autan Baba:
Mu kam namu bai zo da daɗi ba. Mahaifina ba ya karatun boko. Likitan da ya daɗe yana duba shi ne ya tare shi a baranda, ana ta wucewa, ya ce akwai wani shiri da zai taimaka masa. Aka kawo tawada, Baba ya dangwala yatsa. Da na tambaye shi me ya yarda da shi, sai ya ce, "Mutumin da ke duba ni, ta yaya zan ce masa a'a?" Kunya ce ta sa hannun nan, kuma tsoro yake kada ya ƙi a daina kula da shi. An ɗebi jininsa sau da yawa, ba wanda ya ba shi kwafin takardar, har aka gama ba a faɗa mana abin da aka gano ba. Ba ina cewa an cutar da jikinsa ba. Amma an yi amfani da dattijo ba tare da ya san me ake yi da shi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Malamar Jinya:
Ƙanena, abin da aka yi wa Baba ya saɓa ƙa'ida, Allah ya ba ku haƙuri. Karɓar amincewar mutane yana cikin aikina. Idan mutum ba ya karatu, dole a sami shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya ji bayanin tun daga farko, shi ma ya sa hannu. Dole a ba mutum kwafinsa. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 kuma ake ta sabunta ta, ta yi magana a kan irin halin Baba: idan mara lafiya ya dogara da likita, wani daban ne ya kamata ya nemi amincewarsa.

Da wahala aka kafa dokokin nan. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiyar ƙasar ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu tunjere, ba a faɗa musu ainihin ciwonsu ba, aka kuma hana su fenisilin bayan an tabbatar yana warkarwa.

Yaya, ki duba takardar ƙanwarki. Ya kamata ki ga sunan kwamitin ɗa'a da ya amince da binciken da lambar da za a kira, da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan maganin ya yi illa. Kuɗin da ake bayarwa na mota ne da ɓata lokaci. In kin ga ya yi yawan da mai buƙata ba zai iya ƙi ba, ki yi hattara.

Ɗalibin Kimiyya:
Ku tambayi makomar jinin ma. A tawa takardar akwai gurbi daban na ko na yarda a ajiye jinina don wani binciken nan gaba. Na yarda da gwajin, na ƙi ajiyar, ba wanda ya ɓata rai. Labarin Henrietta Lacks, wata mata 'yar Amurka, ne ya sa nake kula: a 1951 aka ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifarta a asibiti a birnin Baltimore ba da saninta ba, aka yi ta amfani da su wajen bincike a duniya, iyalinta ba su sani ba sai bayan shekara 20 da wani abu.

Kawu:
Ni na shiga, na kuma fita a tsakiya. Jiri ya dame ni, ga zirga-zirgar ta hana ni neman abinci. Gabana yana faɗuwa na je na ce na fasa. Ba su tilasta mini faɗin dalili ba, ni na faɗa da kaina, suka rubuta jirin don shi ma sakamako ne a wurinsu. Sun roƙe ni in dawo a duba ni don lafiyata, na dawo. Likitana ya ci gaba da duba ni kamar da, a layi ɗaya, da maganina na asali. 'Yata, ki sa ƙanwarki ta tambaye su baki da baki: idan ta tsaya, maganin yana buƙatar a rage shi a hankali ne, ko za ta iya dainawa nan take?