Wane injin CNC ya dace da sassaƙa mazubi mai santsi?

Kafinta, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum, malamai. Ina da shagon kafinta a nan Maradi, kuma yanzu yawancin aikina shi ne sassaƙa mazubi na katako ga masu adon filasta na silin da masu zuba tukwanen alminiyom. Da hannu nake yi, amma idan aka nemi guda biyar iri ɗaya, da wuya su fito daidai da juna. Na yi niyyar sayen injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, sai dai na rasa zaɓi tsakanin 1325, mai teburin milimita 1300 da 2500, da kuma ƙaramin 6090, mai teburin milimita 600 da 900. Wanne ne zai ba ni awo daidai da fuska mai santsi, yadda ba sai na wuni ina guga ba?

Injiniya, Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada girman tebur ya ja hankalinka, domin an yi 1325 ne musamman don yanka faifan katako gaba ɗaya da ƙofofi, kuma yawancinsu da haƙoran giya suke tafiya a tsawon teburin da faɗinsa. Haƙoran suna da sauri, amma da zarar sun fara ci, sai a samu ɗan sako-sako duk lokacin da injin ya juya baya, wannan kuwa shi ne ke barin layuka a jikin mazubi. Ƙananan injuna irin 6090 galibi da dogon sukuru mai ƙwallayen ƙarfe suke tafiya ta kowane ɓangare, kuma ga aikinka shi ya fi. Ka nemi mai gangar jiki ta ƙarfe mai nauyi, tunda injin da ke girgiza ba ya fitar da santsi komai tsadar bakinsa. Motar da ke juya bakin sassaƙa, mai kilowat 2.2, wadda ke kai juyi 24,000 a minti, ta wadatar. Ka kuma tambayi mai sayarwa iya tsayin da kan injin yake ɗagawa, saboda mazubin tukunya yana da zurfi, kuma mutane da yawa sai injin ya iso suke gane cewa aikinsu ba ya shiga ƙarƙashinsa.

Dattijo mai zubi, Bagalam:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ɗana, rabin santsin daga saitinka yake fitowa. Sassaƙa biyu ake yi: ta farko da baki mai faɗi don kwashe yawan katakon, ta biyu da baki mai zagayayyen kai, kuma tazarar da ke tsakanin layi da layi kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na kaurin bakin. Ke nan bakin milimita 6 zai riƙa matsawa milimita 0.6 kacal. Idan ka raba tazarar biyu, lokacin aikin zai ninka, don haka ka auna da kuɗin da mai aikin ya biya. Kada ka manta ka ba bangon mazubin ɗan karkata na digiri 2 ko 3 don abin da aka zuba ya fita ba tare da karyewa ba, kuma ka ƙara sama da kashi 1 cikin 100 a awon samfurin tukunya, domin alminiyom yana tsukewa idan ya huce.

Mai gyaran lantarki, Tibiri:
Yaya, ka tabbatar da wutar shagonka kafin ka biya, domin manyan injunan da yawa wuta mai ƙarfin volt 380 suke buƙata, alhali 6090 yana aiki da 220. Ƙurar hunturu da garin katako suna cinye sukurun, sai ka riƙa sharewa da sa mai a kai a kai, kuma a zafin Afrilu ka riƙa taɓa ruwan sanyaya motar ka canza shi idan ya ɗumama.

Kafinta, unguwar Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wutata 220 ce, kuma mazubina mafi girma bai kai santimita 80 ba, don haka 6090 zan nema. Baba, in Allah ya yarda zan zo Bagalam ranar Asabar da samfurin tukunya guda, ka duba mini karkatar bangon.