Ƴan sanda suna da ƙungiyar ƙwadago kuwa?

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum. Wa ke yi wa ƴan sandan Najeriya fafutukar albashi da gyaran bariki?

Baban Tudun Wada: Babu ƙungiya, ƙanena. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana su, kamar sojoji da kwastan, ko da yake ƙananan ƴan sanda sun yi yajin aiki a 2002. Koken ƙarin girma ko kora, Hukumar Kula da Ayyukan Ƴan Sanda ake kai wa.

Hajiyar Samaru: Fansho ne babban ciwon. A dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, gwamnati 10. An cire sojoji daga tsarin, an bar ƴan sanda, shi ya sa masu ritaya ke zanga-zanga.

Ɗan Kwarbai: A sabunta sunan magaji a fayil dai. Inshorar rai ninki 3 ce ta albashin shekara, amma in suna ya saɓa, sai biya ya maƙale.