Wai annobar ƙumar ɓera ta taɓa shigowa Katsina?

Ɗan Ƙofar Soro: Jama'a, jiya a majalisa wani ya rantse cewa annobar da ta cinye Turawa tsakanin 1347 da 1351 ta iso har Katsina, fatake suka kawo ta ta Agadas. Malam, ku da kuka yi karatun tarihi, ya abin yake?

Malamin Tarihi: Ya yi gaggawar rantsuwa. Annobar dai ta yi ɓarna ba kaɗan ba, ana ƙiyasin ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, wasu ma sun ce ya fi haka. Ta ci Alƙahira, ta ci Tunis, can ta kashe wa masanin tarihi Ibn Khaldun uwa da uba. Amma ga matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya gan ta da idonsa a Dimashƙ a 1348. Bayan shekara huɗu ya ratsa Sahara zuwa Mali, ya komo ta Takedda, cikin Nijar ta yau, a 1353, har ya ambaci tagullar da ake kaiwa wata ƙasa da masana ke cewa Gobir ce. Mutumin da ya san kamannin cutar, mai surutu a kan abinci da tufafin mutane, bai ce ya tarar da ita a ƙasar baƙar fata ba.

Alhajin Rafin Dadi: Malam, shirun baƙo ai ba hujja ba ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Masu tonon ƙasa sun tarar an watse daga Akrokrowa a Gana, Kirikongo ta Burkina Faso kuma ta ragu ƙwarai, duk a ƙarni na 14. Masanin tarihi Gérard Chouin na ganin annobar ce. In ta kai can, me zai hana ta zo mana?

Malamin Tarihi: Yana gani, Alhaji. Gari kan watse don yaƙi, ko fari, ko hanyar ciniki ta kauce masa. A Turai an ciro ƙwayar cutar daga haƙoran gawawwakin zamanin. Kawo mini irin wannan daga nan, in sallama. Ga kuma tafiyar: wata biyu Ibn Battuta ya yi daga Sijilmasa ta Maroko zuwa Walata ta Muritaniya. Wanda ya kamu kwana nawa zai kai a kan raƙumi?

Anti Nas: Nan kam zan sa baki, Malam, don lissafinku ya bar raƙumin a baya. Raƙumi na kamuwa da ita. An samu mutane a Libiya a 1976 da suka kamu ta wajen yanka da fiɗar raƙumi marar lafiya. Ƙuma kuwa na iya maƙalewa cikin tufafi da buhunan hatsi. Ban ce ta zo ba, amma hamada ba katanga ba ce.

Ɗan Ƙofar Soro: Anti, to yaya ake gane ta? Ƙanena na da kaluluwa kwana uku.

Anti Nas: Duba ƙafarshi tukuna, yawanci wani gyambo ne ko tuntuɓe ya jawo. Ita wannan, kwana ɗaya zuwa bakwai bayan ƙuma ta ciji mutum, zazzaɓi ke faɗo mishi farat ɗaya, da sanyi da ciwon kai da kasala, sai kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, mai zafin da ba a iya taɓawa, wani lokaci har ta fashe da mugunya. In ta shiga jini yatsu kan yi baƙi. In ta kai huhu sai tari da jini, nan ne take bin numfashi daga mutum zuwa mutum, kuma in ba a yi magani da wuri ba da wuya a tashi. Bakteriya ce, Yersinia pestis, Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong a 1894, kuma magunguna irin su doxycycline na kashe ta. Kada a haɗa ta da zazzaɓin Lassa don duk an ce ɓera. Lassa bairos ce, ta fitsari da kashin ɓera ake ɗauka.

Limamin Unguwa: Mu ɗa'un muka san ta. Ita ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal a Amwas, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda ita. Kuma malamai sun siffanta ta da ƙullutu kamar na raƙumi a hammata da ƙasan ciki, daidai da bayanin Hajiya.

Alhajin Rafin Dadi: To ai ta shigo Nijeriya ma, Malam.

Malamin Tarihi: Ta shigo, Legas, daga 1924 zuwa 1931, ta bakin teku. Ita ta sa Turawa suka kafa hukumar tsara birnin a 1928 suka yi ta rushe unguwanni. Wannan akwai takarda. Ta Katsina ce nake nema.

Alhajin Rafin Dadi: Wa ya tono maƙabartar Katsina balle ya samu?

Limamin Unguwa: Kuma ba za a tona ba, Alhaji.

Anti Nas: Ɗan Ƙofar Soro, ka duba ƙafar?

Ɗan Ƙofar Soro: Ƙusa ya taka ranar Talata, Anti.

Anti Nas: To ka kai shi asibiti yau a wanke a yi mishi allurar tetanos.