Eriyar RFID da kayan da ke hannu: wa ya taɓa haɗawa?

Mai gyaran waya, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dillalin shanu ne ya zo mini da buƙata: yana son alamar kunne mai RFID, wato wadda ake karantawa ta igiyar rediyo, a kai na'ura kusa da kunnen saniya ta karanto lambarta. Kafin mu zuba sefa a odar kaya daga waje, ina so in haɗa samfuri a shago in ga kamun ludayinsa. Wanda ya taɓa yin eriyar da hannunsa, da me ya yi ta, kuma daga wane nisa ta karanta?

Tsohon mai gyaran rediyo, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun da dabba ce, ƙa'idar ISO 11784 da 11785 ta ajiye ka a 134.2 kHz, kuma ba banza aka zaɓi nan ba: ruwa da nama ba sa damun wannan zangon sosai. Sa'arka kenan, domin a nan eriya naɗin waya ce kawai. Ni wayar jan ƙarfe na warware daga injin fanka da ya ƙone, na naɗa a bututun roba, na haɗa da ƙaramar na'urar karatu ta RDM6300 da Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ke karɓar lambar. A 125 kHz, naɗi mai 1 mH yana son kafasita kusan 1.6 nF. In nisan bai yi maka ba, ka ƙara zagaye ko ka rage, kana gwadawa da kati har ka dace. Kada ka sa ran fiye da 'yan santimita. Kuma ka kula, RDM6300 katunan EM4100 na 125 kHz yake karantawa, ba zai ji alamar dabbobi ta FDX-B ba. Mutane da yawa suna faɗawa wannan ramin saboda lambobin biyu sun yi kusa.

Ɗaliba, Ngaundere:
Baba ya gama magana kan na dabbobi. Mu a aji a 13.56 MHz muka yi. Mun buga zanen eriyar da firinta mai leza a takarda mai santsi, muka manna a farantin jan ƙarfe da dutsen guga, sannan muka tsoma a ruwan cin jan ƙarfe da ake sayarwa da sunan perchlorure de fer. In ruwan da ɗumi ya fi saurin ci, amma siraran layuka ma yana cinye su, don haka muka faɗaɗa namu. Guntun NTAG213, wato ɗan ƙwaƙwalwar da ke riƙe lambar, yana da 50 pF a cikinsa, eriyar kuwa sai ta kai kusan 2.75 µH. Guntun daga kati muka ciro, bayan mun jiƙa shi a asetan har robar ta saki. Daɗin abin, yawancin wayoyin da ke da NFC, wato karatu ta hanyar manna waya, za su karanta, ba sai ka sayi na'ura ba. Amma yaya, wa zai tsaya manna wayarsa a kunnen bijimi? Ragowar ruwan nan kuma don Allah kada a zuba a kwata.

Mai sa eriyar intanet, Njamena:
Malam, in dillalin naka so yake shanu su wuce ta ƙofa a ƙirga su, UHF, wato zangon ɗaruruwan MHz, ce kawai ke kai mita da yawa. Na yi da tef ɗin jan ƙarfe a kan kwali, na yanka da reza. A 868 MHz tsawon igiyar kusan santimita 34 da rabi ne, rabinsa 17, sai na yanka daidai haka. Shiru kake ji. Dalili kuwa, guntun UHF ba 50 ohm ba ne irin na rediyo, sai an yi masa ɗan zobe ya daidaita shi da eriyar. Ga shi ƙanƙane kamar ƙwayar yashi, dalma ba ta aiki a wurin. Abin da ya fisshe ni shi ne na samo ƙaramar alama mai zobenta, na ɗora ta dab da tsakiyar tef ɗin ba tare da sun haɗu ba, nan take nisan ya ƙaru.

Abu biyu suka ba ni wahala. Zafin Maris da Afrilu yana sakin gam ɗin tef, gefe ya ɗaga, aiki ya canza. Sannan abin da ya karanta lafiya a kan tebur, da na jingina shi da jarkar ruwa nisan ya faɗi warwas, kuma kunnen saniya ma haka zai yi. Ka duba na'urar da za ka saya: ta Turai 865 zuwa 868 MHz ce, ta Amurka 902 zuwa 928. Takardar alminiyam kuwa tana aiki, sai dai ba ta kama dalma. Ba don na'urar auna eriya ta NanoVNA da na ara ba, da har yanzu ina yanke-yanke a makance.

Tsohon mai gyaran rediyo, Marwa:
Duk na ji, amma dabbar da ke shiga mayo, wato kogi, da damina, tana goga kunne a ƙaya, kwali da tef ba nata ba ne. A bar su a kan tebur don gwaji.

Mai gyaran waya, Garwa:
Na gode Baba, na gode 'yan uwa. Zan naɗa na 125 kHz tukuna in nuna wa dillalin, in ya gamsu mu nemi na'urar 134.2. Baba, in na rufe naɗin da gam mai ruwa biyu, sai na sake daidaita kafasitar ko?

Tsohon mai gyaran rediyo, Marwa:
Yakan ɗan gusa. Ka bar ƙafafun kafasitar a waje har gam ɗin ya bushe, ka gwada, sannan ka rufe su.