Kalangu Ko Fiyano?

Kawu Mai Kaset:

Sallama 'yan'uwa, ga ni na iso,
Da tambaya ɗaya mai son amsawa.
Wa kuke saurare in dare ya yi,
Hayaniyar yini ta fara lafawa?
Ni dai Shata ne nawa tun asali,
Kalangu ya tashi, jini na motsawa.
Ba ya rubutu, ba ya zaman bita,
A tsaye yake ƙira yana rerawa.
'Yan amshi na baya suna karɓa,
Baiti na bin baiti ba sarƙewa.
Tun 1999 ya riga mu gidan gaskiya,
Muryar ko har yau ba ta dushewa.
Ga Ɗanmaraya Jos da kuntigi,
Tsirkiya ɗaya tal yake kaɗawa.
Gwangwani ne aka rufe da fata,
Shi kaɗai, ba mai amshi ko tafawa.
Naku na yanzu a ɗauke musu wuta,
Mu ga mai baiti ɗaya kammalawa.

Ɗan Auta:

Kawu, na durƙusa, a yi mini afuwa,
Yaro ne zai ɗan yi tankawa.
Shata gwani ne, wannan ban ja ba,
Kunnena ne ba can yake karkatawa.
Nura M. Inuwa in ya ɗauko soyayya,
Ko dutse ne sai ya yi narkewa.
A 2020 korona ta kulle mu,
Hamisu Breaker ya sa gidaje rausayawa.
Fiyano ma kaya ne kamar kalangu,
Sai a hannun gwani yake furtawa.
Kuma Kawu, Shatan da kake ji kullum,
Ba a memorin waya yake kwanciya da farkawa?
Ran da caji ya ƙare ai na gan ka,
Kana jan tsaki kana kai da kawowa.

Gwaggo Ta Tsakar Gida:

Kai, ku saurara! Maza kun cika fage,
Kun bar mata a baya kuna wucewa.
Ina kuka kai Barmani Choge,
Mai amada, mai sa zani kwancewa?
Ƙwarya a kife a kan ruwa,
Mata na duka, guɗa na ratsawa.
Ita ta ce mace ta kama sana'a,
Zaman jiran miji ba ya fisshewa.
Ta tafi a 2013, Allah ya jiƙan ta,
Gurbinta har yau babu mai cikewa.
Wani sirrin kuma, kar ku yi dariya:
Lata Mangeshkar ke sa ni ƙwalla zubarwa.
Ko kalma ɗaya ban ji ta Indiyanci,
Amma na san inda take sosawa.

Mai Gambara:

Gwaggo, Allah ya ja da ranki,
Ni gambarar zamani nake ɗaukawa.
Habaici da zambo da saurin baki,
Gadon 'yan gambara muke sabuntawa.

Kawu Mai Kaset:

Gwaggo kin yi gaskiya, na sunkuya,
Manta Barmani abin kunya ne da tsarguwa.
Mai Gambara, sassauta harshenka,
Ka yi baiti goma ko ɗaya ba na kamawa.
Kai kuma Auta, mai tona asiri,
Gobe da safe ka yi sammakon zuwa.
Memorin nan ya ƙi buɗe Narambaɗa,
Kwana uku ina ta dannawa.