Kansar ƙoda ta ɓulla a tumbin Baba, wai aikin kyamara za a yi masa

Ummu Khalil:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Babanmu an cire masa ƙodar hagu shekara shida da suka wuce saboda kansa, ya warke sarai har gona yake zuwa, to kwanakin baya sai ya fara bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ga jiri, sai da aka ƙara masa jini leda biyu. Da aka zura kyamara ta baki aka ga tsiro a tumbi, aka gutsuro aka kai awo, wai kansar ƙodar ce ta ɓulla a can. Likita ya ce ba sai an tsaga cikin ba, laparoskofi za a yi, wato aiki da kyamara ta ƙananan huji. Yayyena sun ƙi, wai ta ɗan huji ba za a kwashe ciwon duka ba. Gaskiya ne?

Nas Habu:
Allah ya ba Baba lafiya. Hajiya ki kwantar musu da hankali, girman yanka ba shi ne kyan aiki ba. Huji uku zuwa biyar ake yi, kowanne wajen santimita ɗaya, a hura cikin da iskar kabon dayoksaid, kyamara na haska komai a allo, sai a yanke tsiron haɗe da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, a sa a leda a fiddo. Ciwo kaɗan, tashi da wuri, sai dai kafaɗa takan yi ciwo kwana biyu saboda iskar. Amma kansar ƙoda akwai ta da zubar jini, in ya ɓalle ana cikin aiki zai iya sa dole a buɗe cikin, ku san da wannan tun kafin sa hannu.

Maman Sadiq:
Wayyo Allah, sannunku. Kada dai ku ba shi diclofenac ko ibuprofen, suna ƙara zubar jinin tumbi, ga shi ƙoda ɗaya gare shi.

Dan Zariya:
Ni abin da zan tambaya, an yi masa hoton CT (hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla) na ƙirji da ciki? Don ita wannan kansar ba kasafai take zuwa tumbi ba, ta fi tafiya huhu da ƙashi da hanta. In tumbin ne kaɗai aikin yana da amfani sosai, in kuma ta bazu sai an haɗa da magani irin su sunitinib ko pazopanib, don kemo, wato maganin kansa na asibiti da aka saba bayarwa, bai cika kama ta ba.

Ummu Khalil:
Na ciki kawai aka yi. Gobe in sha Allah zan tafi da babban yayanmu wajen likitan ya ji da kunnensa, in kuma yi maganar na ƙirjin. Na gode ƙwarai.