Ruwan damina da ke wuce mu a Damagaram, ba yadda za a yi a tsare shi?

Ɗan Zongo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu sani don abin ya daɗe yana cina. Duk shekara watan 8 ruwa ya cika tabkuna har ya shiga gidajen mutane ya kayar da katangu, ana kwashe kaya ana komawa lakwal da zama, amma da watan 4 ya kama sai ka ga yara da bido-bido a kura suna yawon neman pampo mai zuwa, wasu mata ma sai tsakar dare suke tarbe. To wai wannan ruwan da ke yi mana ɓarna ba a iya tare shi ne? A haƙa tabkunan su yi zurfi, a yi baraji, a tace a ba mutane. Mi ya hana?

Malam Na Birni:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka a kan hanya take. Abu na farko, garin nan bisa dutse yake zaune, waɗannan duwatsun da kake gani a Birni da gewaye haka suke har can ƙasa, shi ya sa rijiya ba ta ba da ruwan kirki a cikin gari, shi ya sa kuma ake jawo mana ruwa daga nesa, Gogo da Machaya ta kudu, Arungouza da Ganaram ta arewa.

Batun tabki kuwa rana ce babbar matsala. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗan wani abu ba, shi ma cikin wata uku yake zuba, amma abin da rana da iska ke iya ɗauka bisa buɗaɗɗen ruwa ya fi mita 2 a shekara. Ke nan tabkin da ba shi da zurfi sosai kafin bazara ta yi tsakiya laka kawai za ka tarar ko da ba wanda ya ɗebi ko guga ɗaya. Ni a ganina dabarar da ta fi ita ce a tare ruwan ya nutse cikin rairayi, can rana ba ta ganinsa, daga baya a jawo shi ta rijiya. Abin da aka yi a Gogo ke nan tun da daɗewa, an datse ruwan kwari don ya shiga ƙasa.

Maman Biyu:
Malam ka yi gaskiya amma ni ko an yasa tabkunan cikin gari ba zan ba yarana su sha ba wallahi. Ku je ku duba da idonku, leda, ruwan kwata, juji, masu bulo na gefe suna haƙa, yara na wanka a ciki suna kwasar tsargiya, ga sauro. Sannan mu da kanmu muka cike hanyoyin ruwa muka yi gini a ciki, in ya zo ya rasa hanya ina zai bi in ba ɗakunanmu ba. A fara hana zuba shara tukuna.

Mai Garka:
Ku na birni sha kawai kuke tunani, mu nan wajen Matameye da shi muke ci. Kwarin Korama kaf da ruwan nan yake rayuwa, rake, kabeji, albasa, tumatir, rogo, duk raken da kuke sha a tasha daga ina yake? Tsofaffinmu sun ce da Korama gudu take yi har ana kamun kifi, tun farin 1973 da na 1984 ta koma tabki nan tabki can. Ni abin da na gani da idona shi ne rairayi. A garkarmu inda mahaifina ke tsayawa ruwa iya ƙirji yanzu tudu ne, kowace damina zaizaya na kwaso yashin gonakin tudu ta zuba mana, don an sare itacen da ke riƙe ƙasar. Inda mutane suka bar gawo ya tashi cikin gona ko aka haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a fako, ruwan da ke gangarowa ba ya zuwa da ƙarfi haka, kuma rijiyoyin wurin sun fi jimawa.

Sai kuma injin ban ruwa, wannan kam laifinmu ne mu manoma. A da can da guga da ƙwarya muke ban ruwa, mutum ya gaji ya bari, yanzu kowa ya sayi inji ya kunna da rana tsaka ya malala ruwa kamar shinkafa yake nomawa, maƙwabcinka mai gajerar rijiya ya wayi gari tasa ta ƙafe. Ga makiyaya su ma suna da haƙƙi, in aka shinge tabki ko'ina ba a bar burtali ba shanu ta ina za su sha? Daga nan rigima ke tashi.

Ɗan Zongo:
Na gode ƙwarai. Amma Malam ke nan baraji ba shi da amfani? Ga na Kasama ai ana noman rani da shi.

Malam Na Birni:
Yana da amfani, ban ce babu ba, sai dai a duba na ƙasa da kai kafin a datse. Dubi maƙwabta, an gina barajin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 a jihar Kano, Kano ta samu ruwa amma fadamun Haɗeja da Nguru suka ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kuma wannan ruwan ne ke bin Komadugu ta gefen Diffa ya faɗa tabkin Chadi. Mu ma cikin kwarin Chadin muke. Ƙananan datsi da yawa a koramu, da kwamitin gari mai tsara wa zai ja ruwa da yaushe, sun fi mini babba guda ɗaya da zai cike da yashi ba mai yasa.

Mai Garka, don Allah a wajenku akwai inda masu garka suka yi yarjejeniyar lokacin kunna inji? In akwai ina so in zo in gani kafin a cire albasa.